XGecu T48: na'urar karanta ROM ga mai son tantance sigar tsohuwar kwamfuta

Duk wanda ke gyaran kwamfutocin shekarun 1980 ya san cewa rubutun da ke bayan ayisin ROM, wato ɗan guntun lantarki mai ƙafafu da ke riƙe da manhajar da kwamfuta ke tashi da ita, ba koyaushe yake faɗin gaskiya ba. Wani fentinsa ya goge, wani an manna masa sitikar da ba tasa ba, wani kuma tuni aka cire na asali aka sa kwafi, ba wanda ya rubuta abin da aka zuba a ciki. Idan kwamfutar tana tashi, da sauƙi, ita da kanta za ta gaya maka sigarta. Idan ta mutu fa? A nan ne ake neman na'urar da za ta karanta ayisin kai tsaye, kuma ɗaya daga cikin waɗanda masu wannan aiki ke amfani da su ita ce T48 ta kamfanin XGecu na ƙasar Sin, wadda ta gaji TL866II Plus.

Hukuncinmu tun daga farko shi ne ta cancanci kuɗinta. Tana karatu daidai, kuma cikin 'yan daƙiƙoƙi. Sai dai ba don tsofaffin kwamfutoci kaɗai aka ƙera ta ba, saitin da take zuwa da shi na iya cutar da ayisin da ya haura shekara arba'in, sannan ba ita za ta ce maka "wannan siga ta uku ce" ba. Bayit-bayit za ta zube maka, kai ne za ka san inda za ka duba.

Jikinta ƙaramin akwati ne na roba mai soket ɗaya na ƙafa 40, da ɗan hannu da ake kwantarwa ya matse ƙafafun ayisi ba tare da an danna shi da ƙarfi ba. Wuta da bayani duk ta wayar USB suke bi. Manhajar kamfanin, Xgpro, ta Windows ce. Masu Linux da macOS suna amfani da minipro, manhaja ce ta kyauta da wasu masu sa kai suka rubuta, kuma sababbin fitowarta sun san T48. Babban abin da ta fi TL866II Plus da shi shi ne ƙarfin wutar rubutu: waccan iyakarta bolt 18, wannan tana kaiwa 25. Wajen karatu wannan bambanci ba ya da wani tasiri, domin da bolt 5 ake karanta kusan duk waɗannan ayisoyi. Saboda haka wanda ke da TL866II Plus a hannu, kuma tantance siga kawai yake so, ba shi da dalilin sake saye. Bambancin yana fitowa ne ranar da za a rubuta ayisin 2716 ko 2732 na farko, masu neman bolt 25, ko 2732A mai neman 21.

Kafin a kai hannu kan ayisi, a fara tambayar kwamfutar idan tana numfashi. Cire ayisi daga soket ɗin da bai motsa ba tun 1983 yana da haɗarinsa, ƙafa kan lanƙwashe ko ta karye, balle wanda aka like da dalma a fanel. A Commodore 64 ka rubuta PRINT PEEK(65408). Idan ta ba ka 170, KERNAL ɗin, wato ROM ɗin tsarin da ke gudanar da injin, na farko ne, 901227-01. Sifili na nufin 901227-02, 3 kuma 901227-03, sannan 67 na SX-64 ne. A IBM PC da 'yan uwanta ka shiga manhajar DEBUG ka rubuta d f000:fff5 l 8, kwanan watan BIOS, wato manhajar tashin injin da ke cikin ROM, zai fito. A Apple IIc, PRINT PEEK(64447) yana ba da 255 a ROM na farko, sifili a wanda ya san UniDisk 3.5, 3 ko 4 a masu gurbin ƙarin ma'adana, 5 kuma a IIc Plus. A BBC Micro *FX 0 ya isa. Duk wannan ba ya bukatar T48. Amfaninta yana farawa ne inda allo ya ƙi kawo komai, ko ka sayi tarin ayisoyi a leda, ko kuma kana zargin siga daidai ce amma wani bayit a ciki ya lalace, abin da PEEK ɗaya ba zai nuna maka ba.

Wurin da ta fi burgewa shi ne ayisoyi masu ƙafa 28 na dangin 2764, 27128, 27256 da 27512. Ka ɗaga hannun soket, ka sa ayisin kamar yadda hoton da Xgpro ke nunawa ya tsara, ka kwantar, ka danna karatu. IBM XT misali ne mai daɗi. Ayisin da ke gurbin U18 na fanel ɗinta kilobayit 32 ne, ana karanta shi a matsayin 27256, kuma da yake shi ke riƙe da ƙarshen ma'adana, kwanan watan yana adireshin 7FF5 na fayil ɗin (da lissafin hex ake rubuta adireshi, mai amfani da 0 zuwa 9 da A zuwa F). Za ka ga 11/08/82, ko 01/10/86, ko 05/09/86. A kula, tsarin Amurka ne, wata ke gaba sannan rana, wato na farkon 8 ga Nuwamba 1982 ne, ba 11 ga Agusta ba. Biyun na 1986 su ne suka san kibod mai maɓalli 101 da fulofin inci 3.5 mai kilobayit 720. Bayit ɗin da ke 7FFE kuma yana faɗin irin injin: FE a XT na farko, FB a na 1986. A PC na asali FF ne, a AT kuma FC.

Amma kafin ka danna karatu, akwai akwati guda a Xgpro da ya wajaba ka cire wa alama, wanda aka rubuta Check ID. Wannan shi ne babban abin da muke ƙorafi a kai, domin a kunne yake zuwa. Yadda ake tambayar EPROM, wato ROM ɗin da ake iya gogewa a sake rubutawa, sunan wanda ya ƙera shi shi ne a ɗora kimanin bolt 12 a kan ƙafar A9. EPROM na zamanin baya an gina shi ya jure wannan. ROM ɗin da aka gasa bayaninsa tun a masana'anta, irin wanda Commodore da IBM suka fi amfani da shi, bai san wannan tambaya ba, haka ma EPROM na farko-farko, kuma ƙafar tasu ta bolt 5 ce. Wani ya tsira, wani kuma daga ranar ya tafi ke nan, kuma ba shagon da za ka je ka sayo sabo. A minipro ana hana wannan da -x, kamar haka: minipro -p M27C256B@DIP28 -r u18.bin -x. Kada a rikita shi da -y, domin shi -y yana yin tambayar, sai dai ba ya tsayawa idan amsar ba ta dace ba, wutar kuwa ta riga ta shiga. Ɗaya akwatin, Pin Detect, yana duba ko kowace ƙafa ta taɓa soket. Yana da amfani sosai idan ayisin ya shiga kai tsaye, amma da zarar an sa adafta sai ya riƙa kukan ƙarya, a nan sai a kashe shi.

Maganar adafta kuwa ita ce rabin aikin, kuma ba a cikin kwalin take zuwa ba. KERNAL da BASIC na tsohuwar Commodore 64, a gurbin U4 da U3, da BIOS na IBM 5150 a U33, duk kilobayit 8 ne a jiki mai ƙafa 24, irin da ake kira 2364. Yawan bayanin da suke ɗauka ɗaya ne da 2764 amma jerin ƙafafunsu ya bambanta a wuri huɗu. Adaftar ana sayar da ita a haɗe, kuma ana iya yin ta da soket biyu, ɗaya mai ƙafa 28 a ƙasa, ɗaya mai 24 a sama, an daidaita su ta ƙasa yadda ƙafa ta 12 ta sama za ta hau ta 14 ta ƙasa. Ƙafa ta 24 ta ayisin, wadda ke shan wuta, a kai ta ta 28. Ta 21, wato A12, a kai ta ta 2. Ta 18, wato A11, a kai ta ta 23. Ta 20, mai kunna ayisin, a bar ta a kan ta 22 da ta faɗa a kai. Ukun farko dole a lanƙwasa su waje kada su taɓa ramin da ke ƙarƙashinsu. A gwada kowace da mita kafin a sa ayisi, sannan a zaɓi 2764 a manhaja.

Masu gaggawa kan ce ai 2732 ma ƙafa 24 ne, bari a karanta da sunansa. Karatun zai yi, ba zai nuna kuskure ba, kuma wannan ne ya sa yake yaudara. Na'urar za ta riƙe ƙafa ta 18 a ƙasa tana zaton ta kunnawa ce, alhali A11 ce, sannan ta riƙa juya ta 21 tana zaton A11 ce, alhali A12 ce. Abin da za ka samu kilobayit 4 ne, kashi na farko da na uku na ayisin, an haɗa su kamar abu ɗaya. Bayit ɗin sigar yana kashi na huɗu, ba za ka gan shi ba sam.

Idan karatun ya yi kyau ta adafta, fayil ɗin zai zama bayit 8192 cif. A na Commodore ka je adireshi 1F80. Dalili shi ne KERNAL yana farawa a E000 a cikin injin, 65408 kuma shi ne FF80, idan ka debe sai ya rage 1F80. AA a wurin shi ne 170 ɗin nan, 00 siga ta biyu, 03 ta uku. Bambancin ba na ado ba ne. Idan aka share allo, siga ta biyu tana cika ma'adanar launi da launin bango, saboda haka tsohon shirin da ke jefa haruffa kai tsaye a allo da POKE sai ya zama kamar bai rubuta komai ba, haruffan suna nan amma launinsu ɗaya da bango. Ta farko fari take sawa, ta uku kuma launin rubutun da ake kai. Sau da yawa akan zargi ayisin hoto ko ma'adanar launi a kan wannan, a cire lafiyayye a banza. A C64C mai gajeren fanel an haɗa BASIC da KERNAL a ayisi guda, 251913-01, mai ƙafa 28, ana karanta shi a matsayin 27128 ba adafta, bayit ɗin kuma ya koma 3F80.

Na IBM 5150 siga uku ne: 04/24/81 mai lamba 5700051, 10/19/81 mai lamba 5700671, da 10/27/82 mai lamba 1501476. Kwanan watan yana 1FF5, lambar kuma tana farkon fayil ɗin tare da sunan IBM, don haka ko fentin bayan ya goge cikin bai goge ba. Biyun farko ba sa ganin ma'adana fiye da kilobayit 544, kuma ba sa neman ROM ɗin da ke kan katunan da aka soka, shi ya sa katin EGA ko na faifan ajiya na ciki ba zai tashi a kansu ba komai lafiyarsa. Ta ukun ce ta kawo kilobayit 640 da wannan bincike. A nan akwai wani ɗan amfani da Xgpro ke yi ba da niyya ba. Lambar ChkSum da take nunawa a ƙasa jimillar bayit-bayit ce kawai, IBM kuwa ta tsara ROM ɗinta yadda jimillar za ta ƙare da 00. Idan lambobi biyun ƙarshe ba 00 ba ne, ko dai karatun bai yi ba, ko ayisin ya lalace, kuma wannan gwajin ne ita kanta kwamfutar ke yi lokacin tashi kafin ta yarda ta ci gaba.

Wannan jimilla ba ta isa ta tabbatar da siga ba, kuma nan ne Xgpro ta gaza a matsayin kayan tantancewa. Abin da masu adana ROM suka yarda da shi shi ne CRC32 da SHA-1, lambobin shaida da ake lissafawa daga dukkan bayit ɗin fayil, su ne aka jera a cikin MAME, manhajar kwaikwayon tsofaffin injina, ga kowace siga da aka sani. Dole ka adana fayil ɗin ka lissafa da wata manhaja, 7-Zip ma tana yi. KERNAL 901227-03 lafiyayye yana ba da DBE3E7C7, BASIC 901226-01 kuma F833D117. Idan bayit ɗin siga ya ce 03 amma CRC32 ya saɓa, to ko an taɓa ROM ɗin da gangan, ko ya fara ruɓewa.

Injin da ke ɗaukar bayit biyu a lokaci guda yana da tasa rigimar. A IBM AT, U27 da U47 sun raba BIOS a tsakaninsu, ɗaya yana riƙe bayit na adireshin cika, ɗaya na mara. Idan ka buɗe fayil ɗin kowanne shi kaɗai, 01/10/84 zai fito a tsage, 0/08 a ɗaya, 11/4 a ɗayan. Sai an saƙa su, bayit daga nan bayit daga can, da manhajar srec_cat ko makamanciyarta, kafin a ga kwanan wata ko a lissafa komai. Sauran sigogin AT su ne 06/10/85 da 11/15/85. Macintosh Plus ma haka take, ayisi biyu ne, HI da LO, bayan an saƙa su bayit huɗun farko su ne shaidar siga: 4D1EEEE1, 4D1EEAE1 ko 4D1F8172.

Amiga kuwa adafta ta biyu take nema. Kickstart, wato ROM ɗinta, ayisi ne mai ƙafa 40 a tsarin 27C400, ana sa shi a adaftar da ke nuna wa na'urar kamar 27C4096 ne, a kashe Check ID da Pin Detect duka. Fayil ɗin zai fito da kowane bayit biyu a juye. Inda ya kamata a ga 11 14 4E F9 a farko za a ga 14 11 F9 4E, wannan ba lalacewa ba ce, a juya su kawai. Bayan an juya, bayit biyun da ke adireshi 0C su ne siga, biyun da ke 0E su ne lambar gyara. 00 22 00 05 shi ne 34.5, wato Kickstart 1.3. 00 21 00 B4 shi ne 33.180, wato 1.2. 00 28 00 3F shi ne 40.63, wato 3.1 na A500, A600 da A2000. Na 1.2 da 1.3 kilobayit 256 ne, suna farawa da 11 11, kuma a karatun kilobayit 512 za ka ga abin ya maimaitu sau biyu, sai a yanke rabi kafin CRC32. Lambar gyaran nan ba abin rainawa ba ce. A A600 duk ana ce musu 2.05, amma 37.299 bai san faifan IDE ba, sai 37.300 zuwa sama. Mutum zai iya sauya faifai da waya har ya gaji, alhali matsalar tana bayit biyun da ke 0E.

Idan karatu ya fito ba daidai ba, siffar ɓarnar takan faɗi dalilinta. FF daga farko har ƙarshe yana nufin ayisin bai kunnu ba, ko wuta ba ta kai masa ba, ko kuma EPROM ne da aka goge. ROM ɗin 9316 na Apple II da II Plus kan yi haka idan aka karanta shi da sunan 2716, domin ƙafafun kunnawarsa a juye suke, ba wai ya mutu ba ne. Idan rabin fayil ya maimaita ɗaya rabin, ko ka zaɓi ayisin da ya fi shi girma, ko wata ƙafar adireshi ba ta taɓa ba. Idan ka karanta 27256 da sunan 27128 za ka samu rabin sama kaɗai, domin ƙafa ta 27 da na'urar ke riƙewa a sama ita ce A14 a wurinsa. Idan kuma rubutun cikin yana karantuwa amma wasu haruffa sun sauya zuwa maƙwabtansu, ƙafar bayani guda ce ta yi tsatsa. Tsofaffin ƙafafu sukan yi baƙi, a goge su a hankali da magogin fensir, a bi da sifirit, a bar su su bushe. A karanta sau uku, ana ciro ayisin ana mayarwa tsakanin kowane karatu, sai ukun sun ba da CRC32 ɗaya kafin a yarda. EPROM mai tagar gilashi da ya tsufa, musamman wanda sitikarsa ta ɓare haske ya riƙa shiga, bit ɗinsa daga 0 suke komawa 1, kuma a farkon lalacewar karatu kan riƙa canzawa daga wannan zuwa wancan. Irin wannan a adana duk karatun, kada a share ko ɗaya.

Wajen ciro ayisi, a sa siririn sukudireba tsakanin ayisin da soket, ba tsakanin soket da fanel ba, a ɗaga kaɗan ta wannan gefe, kaɗan ta wancan, har ya fito a miƙe. A ɗauki hoton fanel tukuna don a tuna inda tsagar ke kallo, domin mayar da shi a juye yana kashe shi nan take. Lokacin hunturu, da iska ta bushe har riga ke tartsatsi, lantarkin jikin mutum kaɗai ya isa ya lalata irin waɗannan ayisoyi, don haka abin ɗaurawa a hannu mai waya zuwa ƙasa ba almubazzaranci ba ne. An fi so kuma a haɗa na'urar da laftof mai caji da gajeriyar wayar USB mai kauri, kada wuta ta ɗauke ana tsakiyar rubutu.

Akwai abin da T48 ba za ta taɓa ba ko da adafta mai sauƙi: 2708 da TMS2716, masu neman wuta iri uku, har da bolt 5 na ƙasa da sifili, wanda na'urar ba ta fitarwa. Mai injinan shekarun 1970 sai ya nemi wata na'urar da aka yi don su. A kwamfutocin 286 da 386 da ba na IBM ba kuma, karatun yana yi lafiya amma kwanan watan da ke FFF5 yakan zama na ainihin BIOS ɗin AMI ko Award ne, ba ranar da mai fanel ɗin ya yi nasa gyaran ba. Fanel biyu mabambanta za su iya nuna rana ɗaya, sai a nemi doguwar lambar shaidar da ke fitowa a ƙasan allo lokacin tashi.

Ɓangaren rubutu ba shi ne jigon wannan bita ba, amma shi ke cika aikin. Da ka samu karatu mai kyau, ka zuba shi a 27C64 ko 27C256, ka ajiye na asalin a kumfa mai hana lantarki. W27C512 ya fi sauƙin sha'ani tunda T48 tana goge shi da kanta ba sai an sa shi a fitilar gogewa ba, sai dai a maimaita fayil ɗin har ya cika kilobayit 64. Tana kuma gwada ayisoyin dangin 74 da 4000 da SRAM, abin da kan taimaka idan ROM ya fito lafiya amma injin ya ƙi tashi.

Mai saye ya haɗa da adaftar 2364 tun a oda ɗaya, da ta 27C400 idan yana taɓa Amiga, da 'yan soket masu ƙafa 24 da 28 na ajiya. Ya saya daga shagon kamfanin ko dillalin da kamfanin ya amince da shi, domin tsofaffin TL866A da TL866CS an yi jabunsu da yawa, kuma har yanzu suna yawo a kasuwa. Da ta iso, a yi mata gwajin kanta da soket babu komai, a minipro da -t, sannan a fara da EPROM maras muhimmanci kafin a sa mata KERNAL na asali.